Lagireton MGB Yana Yoyo: Yadda Ake Gano Wurin, A Liƙe Ko A Sauya

Ka fito da safe ka tarar da ɗan ruwa kore-kore ya kwanta a ƙarƙashin hancin motar, ko kuwa kana cikin tafiya allurar zafi ta fara hawa a hankali, wani wari mai zaƙi-zaƙi yana shigo maka. Abin da kowa zai fara faɗa shi ne lagireto ya mutu, a sayo sabo. Ni shawarata ka dakata tukuna. A tsohuwar mota sau da yawa lagireto ba shi da laifi, idan ma shi ne mai laifin, galibi yana gyaruwa.

Zan yi bayanin a kan MGB, ƙaramar motar nan ta Ingila mai gudu, mai kujera biyu, wadda aka ƙera a masana'antar Abingdon kusa da Oxford daga 1962 zuwa 1980. An yi fiye da rabin miliyan, akasarinsu aka kai Amurka, shi ya sa har yau kayan gyaranta ba sa wuyar samu. Injinta mai silinda huɗu ne, 1,798cc, na baƙin ƙarfen zubi. Lagiretonta kuwa na tagulla ne da jan ƙarfe, an haɗa shi da dalma, kuma a nan maganar take. Abin da aka haɗa da dalma ana iya narkar da dalmar a kwance shi, a wanke, a sake haɗawa. Na motocin yanzu roba ce da alminiyam aka matse wuri ɗaya, in ya tsage sai juji. Wanda ke da Triumph Spitfire ko TR6 ko Austin-Healey zai iya bin wannan bayani, sai dai wurin ƙusoshi da lambar murfi sun bambanta.

Kafin ka taɓa komai

Inji ya yi sanyi ƙalau, har ka iya dafa shi ka bar hannunka a kai. Ruwan da ke ciki yana cikin matsi ne, shi ya sa yake wuce digiri 100 bai tafasa ba. Da murfi mai lamba 7 psi (psi ma'aunin matsi ne) sai ya kai wajen digiri 111, da mai 15 psi kuwa wajen 121. Ka buɗe murfin da zafi, matsin ya tafi lokaci ɗaya, ruwan ya tafasa nan take ya yi tsartuwa zuwa fuskarka. Wannan ƙuna ce mai saɓule fata.

Ruwan kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake zubawa a lagireto, shi kansa guba ne. Sinadarin da ke cikinsa, etilin gilaikol, yana da ɗanɗanon zaƙi, kyanwa da kare da akuya suna lasarsa, yaro ma zai iya, kuma ƙoda yake lalatawa. A tara shi a daro, a juye a jarka mai murfi, kada a zuba a kwata ko a ƙasa.

Kayan aiki ba su da yawa: sufanu na inci, musamman mai rabin inci da mai 7/16, domin ƙusoshin motar ba na milimita ba ne, sukudireba, filaya, man kwance tsatsa, tocila, daro mai faɗi da zai ɗauki lita 8, kwali, tsummoki, burushin waya, da famfon gwajin matsi idan za ka samu aro. Kada ka ce sufana mai lamba 13 ta kusa da rabin inci. Ta kusa ɗin, amma a kan ƙusar da ta yi shekara hamsin tana tsatsa, wannan ɗan sararin ne yake cinye kan ƙusar ya mayar da shi mulmulalle.

Mataki na farko: daga ina ruwan yake fita?

A nan ya kamata ka fi ɓata lokaci. Ruwa yana bin gangara, fanka kuma tana watsa shi ko'ina, saboda haka inda ka ga yana ɗiga ba lallai nan ne ya ɓulle ba.

Ka wanke gaban injin, ka bar shi ya bushe, ka shimfiɗa busasshen kwali a ƙasa. Cika lagireto, ka ɗaura famfon gwaji a bakinsa, ka buga iska har allura ta kai lambar da ke jikin murfin motar. Kada ka wuce ta. MGB na farko suna da murfin 7 psi, daga baya aka koma 10, sannan 13, na ƙarshe masu tankin ajiya daban suka zo da 15. Ka buga 15 a tsohon lagireton da aka yi don 7, sai ka yi masa sabuwar ɓaraka da hannunka. Ka bar shi minti goma zuwa goma sha biyar kana kallon allura. Idan tana sauka, ɗauki tocila ka bi daga sama zuwa ƙasa, kana neman wuri mafi tsayi da ya jiƙe.

Murfi shi ne abin zargi na farko. Juya shi ka duba robar: ta tsattsage, ta bushe, ko ta yi kwari inda take zama? Danna sifirin ɗin ka ji ko da sauran ƙarfinsa. Murfin da ya gaji yana sakin ruwa ta siririn tiyon ambaliya tun kafin lokaci, ruwan ya bi gefen lagireto ya sauka, sai ka rantse saƙar lagireton, wato siraran bututun nan da ke tsakanin tankin sama da na ƙasa, ita ce ta huje. Na taɓa tsayawa a kan wata mota da mai ita ya riga ya sayi sabon lagireto ya ɗaura, ya mayar da tsohon murfin. Bayan kwana biyu ruwa ya sake raguwa. Da muka juya murfin, robarsa ta tsage kamar faso a diddige, har tana barin baƙi a yatsa. Tsohon lagireton da ya jingine a bango kuwa, da muka tsoma shi a ruwa ko kumfa ɗaya bai fitar ba.

Sai tiyo. Matsa na sama da na ƙasa da hannu. Lafiyayye yana da tauri mai lanƙwasuwa. Wanda ya yi taushi kamar dafaffen rogo, ko ya kumbura kusa da maɗauri, ko yake ƙara ƙas-ƙas in ka matsa, ya gama aiki. Tiyon ƙasa na MGB yana da ɗan reshe da yake tafiya hita, kuma gindin reshen nan yakan tsage.

Famfon ruwa yana bayan fanka. Yana da ɗan rami a ƙasansa da aka yi musamman don ya tona asiri idan robar cikinsa ta mutu. Sa yatsa ka shafa. Idan da danshi ko busasshen zane mai launin tsatsa, famfon ne. Ka kama fiffiken fanka ka girgiza gaba da baya, in akwai wasa, boris ɗinsa ma ya tafi.

Akwai kuma famfon hita, wato bawul ɗin da ke buɗe wa hita ruwan zafi, wanda ke gefen dama na kan inji, daidai saman distiributa. Duk mai MGB ya san shi. In ya fara ɗiga, a kan distiributar yake ɗiga, sai mota ta riƙa shan ruwa tana kuma kakkatsewa. Duba gidan tamostat, bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, a gaban kan inji, da faya-fayan ƙarfen nan da aka toshe ramukan gefen inji da su, waɗanda tsatsa ke ci daga ciki. Ka ɗaga kafet ɗin ƙafafu ka taɓa. In ya jiƙe, saƙar hita ce.

Idan allura tana sauka amma ko'ina a bushe, to ruwan ciki yake shiga. Buɗe murfin baƙin mai ka duba ko akwai farin kitse kamar kindirmo, ka duba ko salansa tana fitar da farin hayaƙi bayan inji ya ɗumama, ko kumfa tana ta tasowa a bakin lagireto idan inji yana aiki. Wannan gasket ɗin kan inji ne, ko kan injin kansa ya tsage, abin da yakan faru a wannan inji tsakanin silinda ta biyu da ta uku. Sabon lagireto ba zai yi maganinsa ba.

Shi lagireton kuwa yana nuna kansa da launi. Inda tagulla ke yoyo a hankali za ka ga kore-kore ko fari-fari ya bushe kamar kanwa. Wuraren da ya fi faruwa su ne gindin wuyan da ake zuba ruwa, gindin bututun da tiyo ke shiga, layin da tankin sama ya haɗu da saƙa, da inda ƙarafan gefe suka kama tanki.

Wata magana a nan. Ƙwai, garin barkono, da garin toshe yoyo na kwalba duk suna iya tsayar da ɗigo ka isa gida, amma ba su san bambancin rami da hanya ba. Suna toshe siraran bututun saƙa da na hita. In dole ta sa ka zuba a hanya, ka ɗauka ka ci bashin wanki ne.

Mataki na biyu: ciro shi

Fara da cire wayar batir. A MGB batir ba ya ƙarƙashin bonet, yana bayan kujeru ne ƙarƙashin wani faifan ƙarfe. Motocin da aka yi kafin ƙarshen 1974 guda biyu gare su masu ƙarfin wuta volt 6 kowanne. Ka cire wayar da ke haɗe da jikin mota. A motocin farko, har zuwa 1967, wayar mai alamar tarawa ce take haɗe da jiki, saboda haka ka bi wayar da ido, kada ka dogara da sabo. Wannan matakin ya fi muhimmanci a motocin ƙarshen 1976 zuwa 1980 masu fankar lantarki.

Mayar da maɓallin hita kan zafi don ruwan cikinta ya fita. Buɗe murfi, ka sa daro. Tsofaffin lagireto suna da ɗan famfon tsiyaya a ƙasa; in ya ƙi juyawa da yatsu, ka ƙyale shi, domin in ka tilasta masa da filaya zai yage daga jikin tanki. Sassauta maɗaurin tiyon ƙasa kawai ka zare a hankali. Ruwan duka bai kai lita 6 ba a motocin farko, na ƙarshe kuwa ya kusa lita 7, kuma zai zo da ƙarfi.

Tiyon da ya manne kada ka murɗa shi da ƙarfi, kada kuma ka zura sukudireba ka banƙare. Bututun tagulla sirara ce, tana lotsewa, dalmar gindinta kuma tana tsagewa. Tunda sabo za ka sa, tsaga tsohon da reza a tsaye ka ɓare shi kamar ɓawon ayaba.

Yanzu zura kwali tsakanin fanka da bayan lagireto. Sararin kaɗan ne, fiffiken fanka kuma yana yanka saƙa da ɗan gogawa. Lagireton yana ɗaure ne a jikin wani bangon ƙarfe da ƙusoshi shida, uku a kowane gefe, sannan akwai sandunan tallafi biyu a sama. Fesa musu man kwance tsatsa tun daren jiya in da hali. Kwance na ƙasa da farko, na sama a ƙarshe, kana riƙe da lagireton. Ka lura da shimfiɗun da ke tsakaninsa da bangon, ka ajiye su yadda suke. Tiyoyin na'urar sanyaya baƙin mai suna ratsa wannan bango; ba ruwanka da su in lagireto kaɗai za ka cire. A masu fankar lantarki, zare wayar makunnin da ke cuse a tankin sama, da siririn tiyon tankin ajiya. Ɗago shi a miƙe, a hankali.

Ka ɗauki hoto da waya kafin ka kwance kowane abu. Bayan mako guda ba za ka tuna wace washa ce a wane gefe ba.

Mataki na uku: gwajin baho, da yanke shawara

Ga dabarar da ba ta cin kuɗi. Samo tsohon tif ɗin keke mai lafiyayyen bawul, ka yanka shi a gefen da ke nesa da bawul ɗin. Cusa baki ɗaya a bututun sama, ɗayan a bututun ƙasa, ka ɗaure da maɗauri. Rufe murfi, toshe bututun ambaliya. Buga iska da famfon keke kaɗan, har tif ɗin ya ɗan cika. Tif ɗin da kansa zai kumbura kafin matsi ya yi yawa, saboda haka ba za ka fasa komai ba. Nutsar da lagireton a babban baho, ka jira ruwa ya natsu. Inda yake yoyo za ka ga siririn layin kumfa yana tasowa kamar zaren carbi. Yi alama da alli ko fenti, ka juya ɗaya gefen ka sake dubawa, domin yoyo ba ya cika zama ɗaya. Kada ka kusanto da injin iskar mai faci; ƙarfinsa ya ninka abin da lagireto zai ɗauka sau da yawa.

Daga nan sai ka duba lafiyar saƙar. Shafa yatsa a hankali kan siraran faranta da ke tsakanin bututu, musamman a ƙasa. In suna lanƙwasa, da ransu. In suna marmashewa kamar busasshen ganye, jan ƙarfen ya ruɓe. Leƙa ta wuya da tocila ka ga bakunan bututu ko farin dutse ya toshe su. Sai ka tsayar da shi, ka toshe ƙasa da tafin hannu, ka cika da ruwa, ka saki. Lafiyayye yana amayar da ruwansa a dunƙule cikin 'yan daƙiƙu. Toshasshe sai ya riƙa tsiyaya.

Idan yoyon a gaɓa yake, wuya ko bututu ko layin tanki, saƙa kuma da ƙarfinta, a liƙe. Idan bututu ɗaya ko biyu ne dutse ya fasa, a liƙe ko a kashe su. Idan saƙa ta toshe amma ba ta ruɓe ba, mai gyara zai narke tankin sama ya cire, ya zura siririn ƙarfe cikin kowane bututu ya share, ya mayar. Idan ta ruɓe, liƙi ɓata lokaci ne, yau ka toshe nan gobe can ya ɓulle. Sai a sauya saƙa: a riƙe tankuna da ƙarafan gefe na asali, a sa sabuwar saƙa a tsakani. A wurina wannan ya fi kowane zaɓi, domin tagullar tankunan asali takan fi ta sababbin masu araha kauri, ramukan ƙusa suna zama daidai, kuma kana iya neman saƙa mai yawan bututu don ƙasa mai zafi. A Ingila da Amurka masu wannan sana'a suna ta raguwa. A garuruwanmu kuwa, albarkacin Peugeot 504 da tsofaffin manyan motoci, har yanzu akwai masu gyaran lagireton tagulla da hannunsu ya faɗa.

Mataki na huɗu: liƙin dalma

Sirrin liƙi tsafta ne. Dalma ba ta kama fenti, ba ta kama tsatsa, ba ta kama danshi. Tsiyaye lagireton ya bushe sarai, ka bar murfi a buɗe don tururi ya sami hanya. Goge wurin da burushin waya da samfefa har tagulla ta yi ƙyalli kamar sabon kwabo, ka wuce bakin tsagar da kamar rabin inci ko'ina. Idan tsohuwar gaɓa ce ta buɗe, ɗumama ta ka goge tsohuwar dalmar da burushi tun tana narke, don datti yana ɓoye a ƙarƙashinta.

Shafa ruwan liƙi mai asid, irin na masu gyaran lagireto. Na masu gyaran rediyo ba shi da kaifin da zai ci dattin tsohuwar tagulla. Dalmar da ake so ita ce gamin kuza da dalma, rabi da rabi ko 60 da 40; tana fara narkewa a digiri 183. Wannan zafi kaɗan ne, kuma shi ne haɗarin: duk gaɓoɓin da ke kusa da irin wannan dalmar aka haɗa su. Jiƙa tsummoki ka lulluɓe kewayen, ka bar wurin aiki kaɗai.

Yi amfani da ƙaramar wutar gas, harshenta a tausashe, kana yawo da shi. Tagullar za ka ɗumama, ita kuma ta narkar da dalmar. Taɓa sandar dalma a jikin ƙarfen. In zafi ya kai za ka ga ta narke ta kwanta, ta bi tsagar da kanta kamar yadda mai ke bin lagwani. In ta dunƙule ta zama ƙwallo tana gangarewa, ko wurin bai tsaftatu ba ko bai ɗumama ba. Janye wuta, sake gogewa. Kada ka tara dalma tuli a kan datti. Daga waje zai yi kyau, iska kuma tana bi ta ƙasa. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Tsagar da ke kan shimfiɗaɗɗen jikin tanki tana son faci. Yanko ɗan faifan tagulla ko jan ƙarfe da ya fi tsagar faɗi, ka shafe shi da dalma, ka shafe jikin tankin, ka ɗora, ka ɗumama har su haɗe. Bututun saƙa kuwa kaurinsa bai fi na takarda ba sosai, wuta tana huda shi nan da nan, gara a yi masa da babban ƙarfen liƙi. In ya yage ƙwarai, cire farantan da ke kewaye da filaya, yanke bututun, matse bakunan biyu, naɗe, ka liƙe. Ɗaya ko biyu ba za su rage sanyi yadda za ka lura ba. In sun fara kai biyar ko shida, ka koma maganar sauya saƙa.

Idan za ka kai wa mai walda, ka roƙe shi kada ya sa wutar kabaid mai ƙarfi a layin tanki. Ka yi aikin a fili saboda hayaƙin asid, ka wanke hannu kafin cin abinci saboda dalma. Da an gama, wanke wurin da ruwa mai ɗan bekin soda, hodar nan ta girki, don kashe asid ɗin, in ba haka ba zai ci gaba da cin ƙarfen. Mayar da shi baho ka sake gwajin tif. Fenti kuwa baƙi, shafi ɗaya siriri. Mai kauri yana riƙe zafi.

Gam mai haɗi biyu yana iya kai ka gida, amma tagulla tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi, a hankali zai saki.

In sabo za ka saya

MGB tana da manyan nau'o'in lagireto uku: na 1962 zuwa 1967 mai wuyan zuba ruwa ta baya, na 1968 zuwa 1976 mai murfi a tsakiyar tanki, da na ƙarshe wanda aka matsar gaba, ba shi da murfi a jikinsa. Ba sa shiga wurin juna, kuma motar da ta wuce shekara arba'in wataƙila an taɓa yi mata canji, saboda haka ka gwada da tsohon da ke hannunka: tsawo, faɗi, gefen da bututu suke, da zurfin wuya. Zurfin wuya yana da muhimmanci, domin gajeren murfi a dogon wuya ba ya matsewa ko kaɗan.

Na alminiyam ba shi da nauyi, mai kyau kuma yana sanyaya sosai. Amma ba ya liƙuwa da dalma, sai waldar agon, kuma in ya fi na asali kauri zai iya matsowa kusa da fanka. Ko sabo ne, yi masa gwajin baho kafin ka ɗaura. Tsohon kuwa ka ajiye shi.

Mataki na biyar: wanke inji, sannan a mayar

Kada ka haɗa tsabtataccen lagireto da inji mai cike da laka. Kwance notuna uku na gidan tamostat, cire tamostat, zura tiyon famfo ta nan ka bar ruwa ya yi ta fita ta ƙasa har ya yi fari. A gefen dama na inji, can baya, akwai matsiyayar jikin inji. Kusan kullum za ka tarar ta toshe da tsatsa. Cire ta ka tsokane ramin da waya har baƙin ruwa ya ɓalle. Zare tiyoyin hita biyu ka wanke ta da ruwa marar ƙarfi, ta baya.

Gwada tamostat a tukunya: rataye shi a ruwa kana ɗumamawa, ka ga ya buɗe kafin ruwa ya tafasa. Na yau da kullum mai digiri 82 ne, akwai mai 74 na ƙasashe masu zafi. Na san al'adar garejinmu ita ce a cire shi a jefar, wai ƙasarmu ba ta buƙatarsa. Ban yarda da wannan ba. In babu shi inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da hunturu, yana shan mai yana cin jikinsa, kuma yadda ruwa ke zagayawa a kan inji yana canzawa. Motar da ke zafi da lafiyayyen tamostat tana da wata cuta dabam da ya kamata a nemo. Sa mai 74 da sabon gasket, ka shafa ɗan giris a jikin ƙusoshin.

Tunda gaba a buɗe yake, duba fambel, duba gindin fukafukan fankar ƙarfe ko sun fara tsagewa, duba robobin da inji ke zaune a kai. In sun mutu, inji yana zabura gaba idan an taka birki da ƙarfi, fanka ta ci sabuwar saƙarka. Fambel ya riƙa lotsawa kamar rabin inci in ka danna tsakiyarsa. In ya yi tsauri ƙwarai yana kashe boris ɗin famfon ruwa.

Mayar da kwali, sauke lagireto, ɗaura dukkan ƙusoshi shida da yatsu kafin ka matse ko ɗaya. In rami bai zo daidai ba kada ka ja shi da ƙusa, lagireton da aka ɗaure a murɗe yana tsagewa a gaɓa bayan 'yan watanni. Sababbin tiyo, sababbin maɗaurai, sabon murfi mai lambar da ta dace. Ɗan ruwan sabulu yana sa tiyo ya shige. Kada a sa mai ko giris. Maɗauri ya zauna bayan ɗan tudun bakin bututu, a matse har ya kama, ba har ya nutse cikin roba ba. A masu fankar lantarki, sa wa makunnin sabuwar roba da maƙalinsa, domin tsohuwar roba takan bar shi ya yi tsalle ya fita a hanya, ruwa ya bi bayansa. Cire kwalin, juya fanka da hannu ka tabbata ba ta taɓa komai.

Mataki na shida: cikawa da gwaji

Ruwa zalla yana kwashe zafi da kyau, amma yana cin baƙin ƙarfe, ruwan rijiya da na burtsatse kuma suna barin farin dutse a bututu. Nemi tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ka tabbata ba mai asid ba ne. Gauraya shi da kulan irin na da, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da tagulla da jan ƙarfe da dalma. Ka karanta rubutun, launi kaɗai ba hujja ba ne. Inda ake ƙanƙara rabi da rabi ake yi. A ƙasa mai zafi kashi ɗaya na kulan cikin uku ya isa hana tsatsa. Irin wannan ana sauya shi duk shekara biyu.

Hita tana kan zafi, zuba a hankali kana matsa tiyon sama don iska ta fito. A masu murfi a jikin lagireto, ruwa ya rufe bakunan bututu, ka bar sararin kamar inci ɗaya a ƙasan wuya. In ka cika fal, zai zubar da rarar da ya ɗumama, ka zaci yoyo ne. A na ƙarshe ana cikawa ta toshiyar da ke kan gidan tamostat, tankin ajiya kuma a bar shi rabi.

Haɗa batir, tayar da inji, murfi a buɗe, hannunka da rigarka nesa da fanka. Tiyon sama zai zauna da sanyi na 'yan mintuna, sai ka ji ya ɗau zafi lokaci ɗaya, ruwa ya faɗa ƙasa: tamostat ya buɗe ke nan. Ƙara ruwa, rufe murfi, ka ji ko hita tana busa ɗumi. In sanyi take busawa, da sauran iska a ciki. Kashe inji ka shafa bayan hannu a fuskar saƙar. Ya kamata sama ta fi zafi, yana raguwa a hankali zuwa ƙasa, ba tare da wani yanki mai sanyi a tsakiya ba.

Yi ɗan zagaye na kilomita goma kusa da gida, idonka a kan allura. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada gwajin farko ya zama doguwar hanya. Ka dawo ka ajiye ta a kan sabon kwali ta kwana. Da safe, inji da sanyi, duba kwalin, duba ruwa, ka ƙara wa kowane maɗauri ɗan juyi, domin sabuwar roba tana kwanciya bayan zafin farko. Ka maimaita haka bayan mako guda. In kana inda ƙura take, ka riƙa wanke saƙar lokaci-lokaci da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje, har da tsakaninta da na'urar sanyaya baƙin mai, inda ƙwari da ciyayi ke taruwa.